Zugin Ƙafar Inna Dije

Tun da asibiti ya fara sauya wa ciwo jiki, 'ya'ya ke ɗaukar wa iyayensu. Zugin da ciwon sukari ya sa wa Inna Dije a tafin ƙafa, ɗanta Sallau birkila ne ya karɓa.

Ranar Talata ta koma asibitin.

"'Yar nan, a mayar mini da abina. Jiya ɗana ya kusa faɗowa daga saman gini."

"Inna, sai shi ya sa hannu," in ji ma'aikaciyar.

"Sau huɗu ina roƙonsa, ya ƙi!"

"Haka dokar take."

Ta tako gida ranta a ɓace, ƙafa garau. Ta tarar da Sallau ya tsoma ƙafafunsa cikin bahon ruwan sanyi. Yana ganinta ya miƙe da murmushi, ya tura bahon bayan ƙofa.