Ƙibar Jami'a

Ina sauka daga motar Agadas a tashar Arlit, Inna ta kama damtsena tana dariya. "Tubarkalla, jami'a ta karɓe ki!"

Ta zaga da ni gidajen unguwarmu ta Akokan, maƙwabta suna yaba kumatuna. Na kasa gaya mata wata uku ban leƙa aji ba. Ina kulle a ɗaki, in ci, in yi kuka, in ƙara ci, har likita ya rubuta mini maganin damuwa.

Da ta ga ƙwayoyin a jakata, sai ta dubi hannayenta da suka rame tun rasuwar Baba.

"Maganin sa ƙiba ne? Sam mini ɗaya."

Na sunkuyar da kai. Ciwo ɗaya yake cin mu, amma ni kaɗai ake yi wa barka.