Filogin da Aka Zare

"Kauce, ba ka san komai ba!"

Tsohon bakanike ya ture ɗansa daga gaban bonet ɗin mota. Yau ya dawo gareji bayan hutun wata guda da ɗan ya lallaɓa shi ya ɗauka. Ya tarar da tsohuwar motar wata malama tana kakkarwa a tsaye kamar mai zazzaɓi.

"Shekara ashirin kana bina, har ka yi furfura, amma kan nan kamar na jaki. Wai ka ce kafireto ne ya lalace! Buɗe idonka."

Ya zare wayar filogi ta farko, injin ya nemi mutuwa. Ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku, ko gezau, ƙarar ba ta sauya ba.

"Kin gani, malama? Wanda aka zare ba a ji rashinsa ba, dama can matacce ne. Ba a lallashinsa, bola ake kai shi."

Ma'aikata suka kwashe da dariya suna kallon ɗan. Shi kuwa ya shiga rumfa, ya fito da akwatin sifanun tsohon, ya dire a gabansa.

"Tun ina yaro ka koya min wannan, Baba. Ka ɗauka don tausayi na ce ka huta? Zare ka na yi. Wata guda cur, ko mai mota ɗaya bai tambaye ka ba."

Tsohon ya dubi ma'aikata. Kowa ya sunkuya kan aikinsa.