Sawu Ashirin na Masu Tifa

Ka ce in dai za a rage, to a rage wa kowa daidai, wai shi ne adalci. Gyara zama ka ji yadda irin wannan adalcin naka ya yi da wani manomin rani.

Mutumin nan lambun albasa gare shi, komi sittin, a bakin wani rafi da ruwansa kan ɗauke da zarar kaka ta wuce, ya bar yashi fari fat. Baƙo zai ce rafin ya mutu, amma 'yan gari sun san ruwan yana kwance a ƙarƙashin yashin, kamu biyu za ka tona ka tarar da shi da sanyinsa. Da shi manomin ke ban ruwa, da shi mata ke girki, da shi marina ke cika rijiyoyinsu. Ana nan sai birni ya kamu da ciwon gini. Masu hali suka shiga rushe gidaje masu lafiya don su tayar da waɗanda suka fi na maƙwabta, rumfar motoci kaɗai ta fi masallacin unguwa faɗi, kuma duk bulon da za a buga yashin rafin nan yake ci. Tifofi suka yi ta sintiri, sawu talatin a yini. Ramin da manomin ke tonawa kamu biyu ya kai gaba guda, ya zarce. Da abin ya ishi kowa, mai gari ya tara jama'a, aka yanke cewa duk mai cin moriyar rafin ya yar da kashi ɗaya cikin uku na abin da yake ɗiba. Manomin bai yi musu ba. Da hannunsa ya ɗebi laka ya toshe bakin komi ashirin, kullum da safe yana wucewa ta gefensu yana kallon ganyen na kwanciya, abin na cin ransa, amma yana cewa ai kowa ma ya taɓa nasa. Matar da ke zuwa ɗiban ruwa sau uku ta koma sau biyu. Su kuwa masu tifa, wakilinsu ne ya fara cewa ya amince, sawu talatin ya koma ashirin, har shi ya roƙi liman a shafa fatiha.

To ga inda gizo ke saƙar. Dattawan garin nan tun suna yara abin da suka sani sawu shi ne sawun amalanke, abin da bijimai biyu za su iya ja, jiya da yau duk ɗaya. Ba wanda ya kawo a ransa cewa sawu yana girma. Mako bai zagayo ba ƙananan tifofin suka ɓace, aka kawo wasu shirga-shirga masu taya goma, an ƙara musu katako a sama, ga katafila tana yi musu lodi a madadin masu shebur. Kowace ɗaya tana kwashe abin da uku na da ke kwashewa. In ta taso ƙasa har rawa take yi, ta zabtare gaɓar rafi, ta murƙushe magudanar lambu, hanyar da mata ke bi da tuluna ta koma kwazazzabo. Manomin ya je gaban mai gari, ya ce, "Ranka ya daɗe, yashin da ke fita yau ya ninka na kafin mu yi taro!" Mai gari ya ce, "Sawu nawa ka ƙirga?" Ya ce, "Ashirin." Mai gari ya ce, "To, Malam, ai ba su saɓa alkawari ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Da aka ga ruwa na ƙara nisa, sai aka ce ragin farko ne bai isa ba, kuma masu lambu ne suka fi kowa sha, tunda ga ruwansu nan ana gani yana gudu a fili, ita kuwa tifa ai ba ta shan ruwa. Aka sake yanke wa manomin komi goma. Ya toshe, don shi mutum ne mai jin maganar manya. Sauran talatin ɗin mako biyu kacal suke nema su yi kai. Ya yi ta tono, ya yi ta tono, har fatanyarsa ta daki dutse, ko danshi babu. Rana ta gasa albasar nan a gaban idonsa. Da ya tumɓuko ɗaya, kan bai fi gurjiya ba. Yana tsaye da ita a hannu sai ga tifa ta ashirin ta wuce, ta bule shi da ƙura, direban har yana ɗaga masa hannu.

Ka ga, wanda sana'arsa ke zuba abu a tukunyar mutane an matse shi har ya mutu a tsaye, wanda tasa ke ciyar da fankama ya ƙara ƙiba, kuma da sunan an rage wa kowa daidai. Da tun farko an tambaya wace sana'a ce gari zai kwana lafiya in babu ita, da tifa ce ta fara kama hanya. Amma ina! Shi ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.