Kalangu a Aji Uku

Ka taɓa ganin mutumin da sautin ganga ke sa wa zufa da sanyin safiya?

Malam Dunoma ya gani, a shekarar da gwamnati ta buɗe ilimi kyauta, aka turo shi wata firamare a gefen Roni, tawadar takardarsa ta kwaleji ko bushewa ba ta yi ba. Ajinsa na uku kullum yoyo yake yi: yau wannan ya bi shanu, gobe waccan ta tafi roron gyaɗa. Ya gwada bulala, ya gwada alawa, duk a banza. Ranar da ya kifa bokiti ya shiga rera musu lissafi da kiɗa, har waɗanda suka gudu sai da suka dawo leƙe ta taga.

Hedimasta, Malam Muhammadu Lawal, ya faɗo ajin goshinsa sharkaf, ya fizge bokitin. Ƙaton mutum ne mai rubutu da hagu, ba ya naɗe hannun riga ko a tsakiyar bazara, kuma da kaka ta yi, 'yan wasa suka fara sauka gari, sai ciwon kai ya kulle shi a ɗaki. Ya ce makaranta ba dandali ba ce. In ya ƙara jin kiɗa, Dunoma ya tattara komatsansa, aikinsa ya ƙare.

Aji ya koma yoyo. Dunoma ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Ran kasuwa ya kai kukansa ga Kawu, wani tsohon makaɗi da ke biyo mahauta daga Babura. Kawu yana ɗaure tsarkiyar kalangu, ko kallonsa bai yi ba, sai da aka zo kan siffar hedimasta. Nan ya ɗago, ya tambayi hannun da mutumin ke rubutu da shi. Da ya ji amsa, ya miƙo kalangu biyu, bai nemi komai ba. Kiɗa ɗaya tak ya koya masa, ya ce kada a haɗa shi da wani.

A bayan dutse Dunoma ya riƙa horar da yaran bayan an tashi. Dabararsa ita ce su yi kiɗan ranar bikin 'yancin kai, da babban jami'in ilimi zai zo daga Kazaure. In baƙo ya tafa, wa zai hana? In kuwa bai tafa ba, shi ke nan.

Ranar ta zo. Aka yi fareti, aka zauna. Dunoma ya hango Kawu cikin iyaye, ya ɗaga wa yara hannu. Wata ɗaliba mai suna Saude ta ja waƙa, kalangu ya amsa.

Hedimasta ya toshe kunne. Ƙafarsa ta soma rawa ƙarƙashin tebur. Ya miƙe, kujera ta kife, ya nufo tsakiyar fili idonsa jawur. Dunoma ya runtse ido yana jiran mari.

Mari bai zo ba. Mutumin ya wuce shi, ya yar da hula, ya tuɓe riga, ya ɗaga hannun dama sama, tsagar magani jere daga wuyan hannu har gwiwa. Ya yi wata kururuwa da ta tashi tsuntsayen kan bishiyar kuka. Tsofaffi suka miƙe tsaye.

"Ƙara masa wuta, yaro," in ji Kawu, hawaye na bin gemunsa. "Tun kafin Turawa su tafi nake neman hannun nan."

Ba a kori Dunoma ba, aji uku kuma bai sake yoyo ba. In hanya ta bi da kai Roni, ka tsaya rumfar mahauta ka tambayi inda Guguwar Kanya ya shige, ɗan damben da ya ɓace daga fage amma ya kasa jin takensa ya zauna. Za su nuna maka ofishin hedimasta.