Gidan Iya Tabawa a Bargo

Tun da aka fito da audugar nan mai riƙe ɗumin wanda ya rungume ta, ba mai barin ɗansa ya yi tafiya ba bargon gida.

Iya Tabawa ta sauke ƙunshin audugar mutan gidanta a gaban Malam Tanimu tela. Jikanta Lawandi, wanda take kira angonta, zai tafi karatu Jos.

"Kowa ya runguma?" in ji tela.

"Har jaririn 'yata Ladi. Wannan ta uban Lawandi ce, kada ka cika ta. Zafin rai gare shi, sai ya gasa min ango."

Malam Tanimu ya yi dariya. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗinke shi gida-gida don kada audugar wani ta gangara cikin ta wani.

"Taki fa, Iya? Saitin ƙirji, ko?"

"A'a. Sa ta tsakanin ta ƙannensa biyu."

"Haba Iya, ke da angon naki?"

"Malam, ka manta gidan mutum a bargo yakan huce ranar da mai shi ya rasu? Ɗuminsu zai rufe nawa. Ya gama jarrabawarsa tukuna kafin ya sani."

Ta gyara mayafi.

"Kuma da jan zare za ka yi min. Ya fi kyau."