Ranar da Kaka Ya Ara Mini Yatsunsa

Ina aji uku aka haƙa mana rijiyar burtsatse a ƙauyenmu, can bayan Taura. Da la'asar kakana ya ja hannuna zuwa gaban allon ƙarfen da aka kafa a gefenta. Ƙananan tutoci ne jere a jiki, fentin ko gama bushewa bai yi ba. Har yau ina jin warinsa.

"Ke 'yar boko, waɗannan fa?"

Na ce, "Kaka, malaminmu ya ce kowace tuta ƙasa ce guda, kuma duk da hannunsu a aikin nan."

"Ƙirga mini."

Na yi ta ƙirgawa har yatsuna suka ƙare. Sai ya miƙo mini nasa, masu kantar fartanya. Na gama, amma ya daɗe bai sauke hannun ba.

"Ikon Allah! Ashe ƙasashe ma suna gayya."

Shi ne mai kiran gayyar noma a garinmu, kuma bai taɓa sallamar ɗan gayya da yunwa ba. Can sai na ga kunya ta rufe shi.

"To, wa ya dama musu fura?"

A ranar dariya na yi. Yau ni ke koyar da taswirar duniya a Dutse, na san sunan kowace tuta, amma har yanzu ba ni da amsar da zan ba shi.