Datar Ranar Suna

Akwai wani manomi, irin mutanen nan da ba sa taɓa hatsin rumbu sai na tsakar gida ya ƙare ƙarƙaf. 'Yarsa tana aure a Fatakwal, ga ta da tsohon ciki, shi kuwa ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya. Sai mijinta ya aiko masa da babbar waya, ya ce ranar suna za su kira shi ta bidiyo ya ga jikansa, ya sa masa albarka. Da kaka ta yi, manomin ya sayar da wake, ya je shagon mai cajin waya aka loda masa data mai yawa, tun haihuwa da saura. A saninsa wannan shi ne hankali: ka sayi abu lokacin da kake da hali, ka ajiye. Ya sa aka kashe datar, ya naɗe wayar a tsumma. Maƙwabta su zo a buɗe musu wa'azi, ya ce a'a, wannan ta suna ce. Ita kanta 'yar in ta roƙa ya buɗe ta ga fuskarsa, sai ya ce ta yi haƙuri, kada a yi ɓarna.

Ranar suna ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya tara iyalinsa a gindin darbejiyar da sabis ya fi kamawa. Aka danna, aka sake dannawa, shiru kamar an shuka dusa. Ya ɗingisa zuwa shago. Mai shagon ya duba ya ce, "Baba, ai ta wata ɗaya ce, wa'adinta ya wuce tun makon jiya." Manomin ya ce shi ko ƙwaya bai taɓa ba, to wa ya cinye? "Ba wanda ya ci, Baba. Kamfani ne ya kwashe abinsa."

Kuɗin wake kuwa tuni sun shige wata hidimar, kafin ya samo na sabuwar data taron suna ya watse. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don tunda yake bai taɓa ganin an auna wa mutum hatsi da mudu, ya biya, sannan mai hatsin ya biyo shi har gida ya kwashe wanda bai ci ba. Shi ya ɗauka saye ya yi, ashe ara masa aka yi da kuɗinsa. Da ma Hausawa sun ce, zanen aro ba ya rufe katara.